Murfin Teku

Sada ya aiko mini da teku a kwali
daga Fatakwal, inda yake aikin jirgin ruwa:
akwatin gilashi mai kamu huɗu,
duwatsu masu huji kamar gara ta ci,
kifaye biyar a leda,
da buhun gishirin da ba na miya ba.
Ni da likita ya raba da gishiri shekara bakwai,
ga ni ina auna shi da kofi, ina dama wa baƙi.

Na sauke su a falo, nan Rafindaɗi,
inda babban ruwanmu
shi ne kududdufin bayan layi, in damina ta yi albarka.

Akwai wani siriri, fari, wutsiyarsa ja
kamar wanda ya taka lalle ya wuce.
Hindatu jikata ta raɗa masa Ɗan Gayu.
Ba ya faɗa da kowa. Tsoro ne ya yi masa yawa.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Ƙarfe uku suka maido ta ba sallama,
fitilar akwatin ta kama gaba ɗaya.
Ban ji komai ba.
Da na fito alwalar asuba
ƙafata ce ta fara ganinsa,
bayan kujera, kusa da takalmin Hindatu,
ya lanƙwashe kamar busasshen barkono,
zaren darduma manne a idonsa.
Taku uku daga ruwan.
Na ƙirga.

Hindatu ba ta yi kuka ba, tambaya ta yi:
"Kaka, ina za shi?"
Na ce ban sani ba.
Ta ce, "Gida."
Ban gaya mata ta arewa ya faɗi ba,
hanyar Maraɗi,
teku kuwa tana can bayansa.

Na fara da gilashi, aka yanko mini a kasuwa.
Kafin la'asar ya yi gumi,
ruwan ya ɗau ɗumi,
huɗun da suka rage suka taru a sama suna haki.
Zafin bazarar Katsina bai san baƙo ba.
Na ɗage.
Sada a waya, muryarsa na tsinkewa:
"Inna, raga. Ki bar iska ta shiga."

Mannir mai tagogin alminiyam ya zo da awo,
ya daɗe yana dariya.
"Hajiya, ni sauro nake hana shiga,
ban taɓa hana kifi fita ba."
Ragar sauro ta cika ƙanƙantar ido, tana cinye haske.
Ta ƙarfe kuma gishiri zai cinye ta.
Kwana biyu yana yawo kafin ya samo fara ta roba,
idonta bai kai ƙwayar wake ba.
Ya ɗaure ta a firam, ya ja har ta yi ƙara,
ya yanke gurbin waya da na bututu,
ya bar wata 'yar rata a kusurwa,
daidai ƙaramin yatsana.

Na ce toshe.
Ya ce, "Haba Hajiya, ta nan?"
Na ce shekara talatin ina karɓar haihuwa a asibiti,
kai ne za ka gaya mini
girman ƙofar da rai ke bukata?
Ya toshe da soso.

Yanzu wani dare nakan ji shi daga ɗaki,
tas!
wani ya buga raga,
ruwa ya karɓe shi.
Da safe su huɗu ne, ba wanda ya nuna alamar shi ne.
Ban sani ba ko godiya suke
ko sun riƙe ni a zuci.

Sada ya ce bana ma ba zai samu zuwa Sallah ba,
jirgin ya yi nisa.
Na ce Allah ya tsare.
Me zan ce?

Gishiri yana bushewa a bakin ragar,
fari fat, yana taruwa a hankali.
Ranar Juma'a nake gogewa.
Wani lokaci, in Hindatu tana makaranta,
nakan dangwala da yatsa
in kai bakina.